Fallen Girafin Ko Man Furosesa? Amsoshin Wasiƙunku Kan Zafin Kwamfuta

Wasiƙun wannan mako kamar an haɗa baki, kusan kowa zafi ne ya dame shi. Na tsamo waɗanda suka shafi abin da ake sawa tsakanin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da hitsink (ƙarfen da ke janye mata zafi), wato man nan mai ruwan toka da masu gyara ke kira fes, da kuma sabon yayin da ya shigo, fallen girafin. Masu tambayar yadda za su dawo da lambar sirrin da suka manta, ku ƙara haƙuri, layinku na nan zuwa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin haɗa sabuwar kwamfutar tebur. Na ga ana tallar wani falle na girafin da ake shimfiɗawa a kan furosesa a madadin mai. Na karanta cewa girafin yana kai 5000 W/mK wajen ɗaukar zafi, shi kuwa mai da ƙyar yake wuce 12. Ke nan zafin furosesata zai ragu ninkin-ba-ninkin?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Da lissafin nan naka yana ci, ɗan'uwa, da masu ƙera hitsink sun daɗe da rufe masana'anta, kai kuma da sai ka nemo wa furosesarka bargo.

Lambar W/mK da ka karanta, wato ma'aunin yadda abu ke wucewa da zafi, ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta abin da za a sayar maka ba ce. Girafin na ainihi shimfiɗa ce ta kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro ta da salatif daga jikin girafayit, baƙin abin nan da ke cikin fensir, a Jami'ar Manchester da ke Ingila, har aka ba su kyautar Nobel a 2010. Wannan shimfiɗa guda, a ɗakin gwaji, ita ke ba da dubban W/mK, kuma a kwance zafin ke gudu, ta faɗinta. In aka ɗora shimfiɗun bisa juna kamar shafukan littafi, aka ce zafi ya ratsa daga bango zuwa bango, lambar ƙasa take faɗowa, da ƙyar ta kai 10. To kai wace tafiya kake so zafinka ya yi? Daga furosesa ya hau zuwa hitsink, wato ratsawa, hanyar da girafin ya fi rauni.

Masu ƙera falle na ƙwarai sun san da haka, shi ya sa suke tsayar da shafukan a tsaye, kamar littafin da aka kafa a kan gefensa, don zafi ya bi tsawon shafi ya hau sama. KryoSheet na kamfanin Thermal Grizzly haka aka yi shi. Dabarar tana aiki, kuma ita ce ta sa fallen ke da saurin yagewa.

Saura maganar kauri, wadda masu talla ba sa son a tayar. Aikin mai guda ɗaya ne: murfin furosesa da gindin hitsink, duk sheƙinsu, cike suke da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska ce a ciki, ita kuwa iska 0.026 W/mK take bayarwa, alhali jan ƙarfe yana kusan 400. Mai yana korar iskar ya zauna a gurbinta. In an ɗaure hitsink da kyau, man yana baje har kaurinsa ya koma kamar milimita 0.03. Fallen girafin milimita 0.2 ne. Wahalar da zafi ke sha wajen ratsa abu ana samun ta ne in an raba kauri da lambar W/mK. Ɗauki man da ainihin ƙarfinsa 5 ne kacal: tunda fallen ya fi shi kauri kusan sau bakwai, sai ya kai kusan 33 kafin su yi kunnen doki. Ko a nan ma ba a sa asarar fuska biyun fallen a lissafi ba, domin busasshen abu ba ya kutsawa cikin ramukan kamar yadda mai ke yi, sai an danne shi da ƙarfi.

Abin da ake gani a aikace a kan furosesar tebur mai murfi shi ne tazarar digiri ɗaya, biyu, ko uku tsakanin falle mai kyau da mai mai kyau, kuma ranar farko galibi man ne a gaba. Tsofaffin fallayen girafayit da na zaren kabon sun fi haka baya.

To me mutum ke saya in ya sayi falle? Zama lafiya. Ba ya bushewa, ba ya tsiyayewa, zafin da ka gani yau shi za ka gani bayan shekaru. Ba ya manne furosesa a jikin hitsink, abin da masu soket (mazaunin furosesa) ɗin AM4 na kamfanin AMD suka sani sarai, inda garin cire hitsink furosesa ke biyo shi da ƙafafunta a lanƙwashe. In injin da za a rufe a manta da shi ne, falle yana da hujja. In kuwa digiri kake farauta, ka sayi man Arctic MX-6 ko Noctua NT-H2, ka ɗiga ɗigo mai faɗin milimita 4 zuwa 5 a tsakiya, ka ɗaure, ragowar kuɗin ka ƙara a kan hitsink mafi girma.

Kuma don Allah ku daina sayen mai da lambar da ke jikin kwali. Kowane kamfani da irin awonsa, wasu ma ba awon, alƙalami ne kawai. Arctic ma ya daina buga lambar a kan sababbin mayukansa saboda wannan dalili. Ba girin-girin ba, dai a yi mai.

Tambaya: Malam, man furosesata ya ƙare, wani abokina ya ce man goge baki yana yi.

Amsa: Yana yi, na kwana biyu. Ruwa ne ya cika shi, zafi na busar da shi ya koma gari, ga sinadaran kankare haƙori a ciki da ba su da abin yi a kan ƙarfe. Ka kashe kwamfutar har ka samo mai. Abokin naka kuma kada ka ba shi aron sukudireba.

Tambaya: Barka da aiki Injiniya. Laftof ɗina na wasanni ne. Na canza masa mai, zafi ya sauko daga 96 zuwa 82, na yi murna. Bayan wata biyu ya koma 95, fanka na ihu, wasa na sarƙewa. Na sake canzawa, haka dai. Da na buɗe sai na tarar tsakiyar furosesar a bushe, man ya taru a gefe. Yanzu na yanke shawarar sa fallen girafin in huta. Wane girma zan saya?

Amsa: Dakata tukuna, ƙanena, ajiye katin kuɗin nan. Wannan ita ce wasiƙar da ta fi tayar min da hankali a wannan mako, domin ka gano ciwon daidai, amma maganin da ka ɗauko yana iya kashe majinyacin.

Abin da ka gani a tsakiyar furosesa ba laifin hannunka ba ne. Furosesar laftof ba ta da murfi, ƙwayar silikon ce tsirara, mai santsi kamar madubi, hitsink na jan ƙarfe yana zaune kanta kai tsaye. Duk lokacin da zafi ya tashi, jan ƙarfe yana buɗewa da kusan kashi 17 cikin miliyan a kowane digiri, silikon kuwa kusan 2.6. Ɗaya na miƙewa da yawa, ɗaya kaɗan, fuskokin biyu suna ɗan lanƙwasa suna komawa. Ka buɗe wasa zafi ya haura 90, ka rufe ya sauko 45, sau nawa a rana? Kowane hawa da sauka kamar famfo ne da ke tura man waje kaɗan-kaɗan, har tsakiya, inda zafin ya fi tsanani, ta zama wayam. Man da ya fi ruwa-ruwa, mai daɗin shafawa, shi ya fi saurin gudu. Shi ya sa man da ke shekaru a kan furosesar tebur mai murfi yake kasa wata uku a laftof.

Falle ba ya gudu, wannan gaskiya ne. Amma ka sake buɗe laftof ɗin, ka haska tocila a gefen ƙwayar silikon. Ka ga ƙananan abubuwan nan masu ruwan ƙasa da aka jera a kan koren allon da ke kewaye da ita, wasu ba su kai kan allura ba? Kafasitoci ne, ƙananan sassan da ke riƙe cajin wuta, kawunansu a buɗe, tazararsu da ƙwayar milimita ɗaya ko biyu. Girafin kuma wutar lantarki tana bi ta cikinsa. Ba kaɗan ba, sosai. Mayukan da aka saba amfani da su yawanci ba sa ɗaukar wuta, shi ya sa mutane suka saba da sakaci, su laɓta ya zubo gefe, ba abin da ya faru. Da wannan sakacin suke zuwa wa falle. Fallen ya zame milimita ɗaya lokacin da kake ɗora hitsink, ba ka gani ba tunda hitsink ɗin ya rufe, ko wani ɗan ɓarɓashi da ya faɗo wajen yanka ya kwanta a kan kafasita biyu: wuta ta haɗe. In ka yi sa'a, laftof ya ƙi tashi har sai ka share. In ba ka yi ba, furosesar da aka narka a jikin madabod, wato babban allon kwamfutar, ta tafi, da ita da madabod ɗin gaba ɗaya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a nan kuwa hakin baƙi ne, a kan allo mai duhu, ba ma za ka gan shi ba.

Na biyu, matsi. Hitsink ɗin tebur ana ɗaure shi da manyan notina masu sifirin. Na laftof 'yan notina uku ko huɗu ne a kan siraran ƙarafa masu lanƙwasa, an yi su da gangan don kada su fasa ƙwayar. Falle kuwa da matsi yake aiki. In matsin bai isa ba, sai ka tarar zafin ya fi na busasshen man da ka cire.

Na uku, wanda kusan kowa ke mantawa: hitsink ɗin laftof ƙarfe ɗaya ne da ya rufe furosesa, da ƙwayar bidiyo, da ƙwayoyin ma'ajiyarta, da sassan da ke daidaita wuta. Ka ɗaga shi da milimita 0.2 a wuri ɗaya, ka rage masa dannawa a wani wurin. Furosesa ta yi sanyi, ma'ajiyar bidiyo tana ƙonewa ba ka sani ba.

Ba na cewa ba a taɓa sa falle a laftof an dace ba. Ana yi, musamman a katin bidiyo na tebur mai ɗauri da ƙarfi. Amma mai yin haka sai ya rufe duk kafasitocin da salatif ɗin Kapton, ruwan zuman nan mai jure zafi, kafin ma ya buɗe ledar fallen. Wanda ya tambaye ni girman da zai saya bai ambaci Kapton ba, na san bai shirya ba.

Abin da nake tura kowa gare shi a irin wannan matsala shi ne PTM7950 na Honeywell, kuma masu bin wannan shafi sun gaji da jin sunan. Falle ne shi ma a ido, ruwan toka, amma yana narkewa in zafi ya kai wajen digiri 45, ya cike ramuka kamar mai, in ya huce ya sake daskarewa. Ba ya ɗaukar wuta, kuma famfon nan da na bayyana ba ya cin sa kamar yadda yake cin mai. Yadda za ka yi: cire abin caji, ka zare igiyar batir daga madabod kafin komai. Goge tsohon mai da sifirit na aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, da ƙyallen da ba ya zubar da zare, a ƙwayar da kuma gindin hitsink. Auna ƙwayar da rula, ka yanka daidai ita. Sa yankan a firji kamar rabin awa, domin in yana da ɗumi ledar ba ta rabuwa da shi, sai ya yage ya biyo ta. Ɓare leda ɗaya, kwantar a kan ƙwayar, murza bayansa da yatsa a hankali, sannan ka ɗaga leda ta biyu da hantsaki daga kusurwa. Ɗaure notinan bisa lambobin da aka buga a jikin hitsink, 1, 2, 3, 4, rabin juyi-rabin juyi. Kada ka yanke hukunci a ranar farko. Sai ya yi zafi ya huce sau da yawa kafin ya baje ya kai siririn da ake so, zafin yana ƙara sauka a 'yan kwanakin farko. Jabunsa sun yi yawa a intanet, ka lura da wanda kake saya a hannunsa.

Kafin duk wannan ma, ka duba tsakanin fanka da haƙoran hitsink. Ƙura kan taru a nan ta zama kamar auduga, kuma babu man da ke maganin toshewar iska.

Tambaya: Malam, in na shafa mai a ƙasa, na ɗora fallen girafin, na sake shafa mai a sama, ba na haɗa amfanin biyun ba?

Amsa: Ka haɗa illar biyun. Ka ƙara kauri hawa uku, man zai ci gaba da bushewa, fallen zai ci gaba da ɗaukar wuta, ga shi yanzu yana iyo a kan abu mai santsi. Zaɓi ɗaya.

Tambaya: Salam Malam. Ni dai na riga na sayi fallen, na kwamfutar tebur ce mai furosesar Ryzen a soket ɗin AM5. Ɗana ne ya saba yi min irin wannan aiki, ba ya nan, ni zan yi da kaina. Yaya ake sa shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Aikin bai fi ƙarfinki ba, natsuwa kawai yake so.

Tun kafin ki taɓa noti, buɗe HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi, ki kunna Cinebench, manhajar gwajin ƙarfin furosesa, na minti goma, ki rubuta zafi mafi girma, da watt ɗin da furosesa ta ja, da zafin ɗakin a lokacin. Wannan ɗabi'a nake roƙon kowa ya riƙe. Rabin masu rubuto min cewa sabon abu ya rage musu digiri goma, da rana suka auna na farko, na biyun da asuba.

Ki bar kwamfutar ta yi aiki kaɗan don tsohon man ya yi laushi, ki kashe, ki zare wuta daga bango, ki kwantar da akwatin a kan gefensa yadda madabod zai kalli sama. Wannan ba zaɓi ba ne: falle ba ya mannewa, in akwatin na tsaye zamewa zai yi. Ki murɗa hitsink hagu da dama kaɗan kafin ki ɗaga. Ki goge fuska biyun har ƙyalle ya fito fes, domin ragowar busasshen mai tudu ne a ƙarƙashin falle.

Yanzu ki kalli murfin furosesar. Na AM5 ba murabba'i ne cikakke ba, yana da ƙafafu takwas, a tsakaninsu akwai gurabe da kafasitoci ke leƙowa. Fallen ya tsaya a kan shafaffen saman murfin kawai, kada ko kaɗan ya rataya a kan waɗannan gurabe. Gara ya gaza gefe da rabin milimita da ya wuce da rabin milimita. In sai an rage shi, ki yi yankan a wani tebur daban, nesa da kwamfutar, da sabuwar reza ko almakashi mai kaifi, ki wanke hannu kafin ki dawo. 'Yan guntayen Kapton a kan guraben ba za su cuce ki ba.

Ki zamo da fallen daga ledarsa zuwa kan murfin, kada ki kama shi da farce, kada ki naɗe. Sauke hitsink daga sama kai tsaye, sau ɗaya, ba jujjuyawa. Mai yana yafe wa wanda ya ɗora ya ɗan goga, falle tsagewa yake yi. Ki riƙe hitsink da hannu ɗaya, ki kama notinan a gicciye, na sama hagu sannan na ƙasa dama, juyi ɗaya-ɗaya, har su tsaya da kansu. Kada ki ƙara ƙarfi bayan sun tsaya. Kafin ki mayar da wuta, haska tocila ta gefe ki tabbata babu baƙin abu da ya leƙo. Ki mayar da igiyar fanka, mutane na mantawa. Sannan ki maimaita gwajin, ki cire zafin ɗaki daga kowane sakamako, ki kwatanta.

Masu Intel na soket ɗin LGA1700, ku kuma taku matsalar daban ce: maƙallin soket ɗin yana ɗan lanƙwasa doguwar furosesar, tsakiyar murfin ta lotsa. Mai yana cike wannan loko, falle ba ya iyawa sosai. Ko ku sa firam ɗin da ake sayarwa don daidaita matsin, ko ku zauna a kan mai.

Tambaya: Katin bidiyona robobin da ke kan ƙwayoyin ma'ajiya sun farfashe. Zan iya maye su da girafin tunda ya fi su ƙarfi?

Amsa: A'a. Suna ne kawai ya haɗa su. Waɗancan robobin silikon masu laushi aikinsu cike gibi ne, milimita 0.5, ko 1, ko 1.5, ko 2, gwargwadon katin, kuma ba sa ɗaukar wuta. Girafin na milimita 0.2 ko taɓa hitsink ɗin ba zai yi ba, in kuma ka ninka shi don ya kai, ka shimfiɗa waya a kan sassan wuta. Nemo ainihin kaurin na katinka, kada ka ƙiyasta daga tsohon da ya riga ya matse. In ka sa wanda ya yi kauri, zai ɗage hitsink daga kan babbar ƙwayar, zafinta ya yi sama. In ka rasa awon, akwai wani mai kamar yumɓu da ake cusawa a gibin, yana matsewa ya daidaita kansa. Akasin haka ma haramun ne a wannan shafi: robar cike gibi ba ta hawa kan furosesa.

Tambaya: Malam, Ryzen 7000 ɗina tana kai 95 in ina haɗa bidiyo. Na canza mai sau uku, na gwada falle, duk 95. Na shiga uku.

Amsa: Ba ka shiga ko ɗaya ba. Tun da AMD ya fitar da wannan jeri a 2022 ya bayyana cewa haka aka tsara su: furosesar tana ƙara gudu da jan wuta har sai ta taɓa 95, ta tsaya a nan. Ka ba ta sanyi mai kyau, sai ta mayar da shi gudu, lambar ba ta motsa ba. Don haka ba zafi za ka kalla ba, ka kalli makin Cinebench da saurin da take riƙewa. In lambar ce ke hana ka barci, shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kunna Eco Mode mai rage jan wuta, ko ka sa mata iyakar zafi a 85. Abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne. Na wannan jeri masu X3D a sunansu iyakarsu ta fi ƙasa, 7800X3D a 89 take tsayawa. Ka bar notinan nan su huta haka.

Tambaya: An ce falle ana iya cire shi a sake amfani da shi sau da yawa. Gaskiya ne?

Amsa: Ya danganta da wanne. Na girafayit irin IC Graphite da na zaren kabon irin Carbonaut, da wannan aka tallata su, kuma suna jure cirewa in hannunka na da sanyi. Shi ya sa masu gwada furosesa goma a rana ke son su, ba don sun fi sanyi ba, don sakamakon ba ya canzawa da yadda aka shafa. Na girafin mai tsayayyun shafuka kuwa, da zarar an danne shi ya ɗauki siffar fuskokin nan biyu, wajen ɗagawa kuma yakan tsage ko ya manne rabi a sama rabi a ƙasa. Ɗaga shi ka kalli haske ta cikinsa. Ka ga tsaga ko huda, ya gama aiki. Ni dai lissafin sau ɗaya nake ba kowa shawara ya yi.

Tambaya: Yaya batun ruwan ƙarfe? Na ji shi ne sarki.

Amsa: Ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da ake sawa a madadin mai sarki ne wajen sanyi, har PlayStation 5 da shi aka haɗa ta. Amma galiyom ne a cikinsa, yana cin alminiyam har ya rugurguje, yana ɗaukar wuta, kuma yana gangarawa. Duk gargaɗin da na yi kan girafin, ka ninka shi, ka ƙara da cewa wannan yana tafiya da ƙafarsa. Wanda sai ya tambaya a shafi irin wannan, lokacinsa bai yi ba.

Tambaya: Wayata tana zafi in ina wasa. In na liƙa fallen girafin a bayanta zai taimaka?

Amsa: Akwai shi a ciki tun daga masana'anta. Baƙar takardar nan da ake gani a bayan gilashi ko a kan batir in an buɗe waya, girafayit ce, kuma a nan gudun kwance da na ambata a amsar farko shi ake so: ta kwashe zafin daga wuri ɗaya ta baza shi ko'ina a jikin wayar. Wanda za ka liƙa a waje ba shi da inda zai kai zafin. Cire rigar wayar, rage hasken allo, kuma ka daina wasa tana caji.

Tambaya: Malam, sabon hitsink, sabon falle, na bi duk ƙa'ida, amma ina kunnawa zafi ke haurawa 100 cikin daƙiƙa kaɗan.

Amsa: Cire hitsink ɗin ka juya gindinsa. Akwai farar leda da aka rubuta a cire kafin a ɗaura. Ɓare ta. Fallen ma ka duba shi da kyau kafin ka mayar, wataƙila sai ka sayi wani.